Giwan Ruwa da Dokar Gurbi: Tarihin Su a Kwarin Rima

Babban kifi ba ya kwana a bakin gaɓa. Duk al'ummar da ta rayu da su ta san haka, kuma kowacce ta yi fama da tambaya guda: yaya za a kai ga abin da ke kwance inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ido kuma ba ya gani?

A manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, da kogunan da ke sada su, akwai wani kifi mai dogon jiki da kaifin haƙora irin na tsage, wanda mutanen can suke kira maski. Wuyar kamu gare shi, har suna yi masa laƙabi da kifin jifa dubu goma. Idan sanyi ya gabato ya koma zurfi, masu nemansa a wurare irin kogin Ditiroyit sukan bi shi da koton ƙarya na roba mai cikin dalma, wanda nauyinsa kan kai giram 200. Su saki koton ya nutse har ƙasa, su ɗaga shi kamu ɗaya ko biyu, su sake shi ya faɗi, jirgi yana tafiya da igiyar ruwa, na'urar auna zurfi tana nuna musu abin da ke ƙarƙashinsu. Sau da yawa kifin kan kai cafka ne a daidai lokacin da koton yake faɗuwa, don ya ɗauka wani ƙaramin kifi ne mai rauni.

Maski da wuya ya wuce kilo 30. Giwan ruwan da ya ci gasar Argungu a 2005 kilo 75 ne, na 2020 kuwa kilo 78, kuma da homa da gora aka fito da su, ba dalma, ba na'ura. Dalili shi ne mutanen kwarin Rima sun warware matsalar zurfi ta wata hanya dabam tun ƙarnoni da suka wuce. Sun bar kifin a inda yake, sun jira kogi ya rage zurfinsa da kansa, sun kuma kafa doka da sarauta don kada wani ya riga jama'a shiga kafin ranar. Tarihin su a ƙasar Sakkwato tarihin wannan jira ne, da abin da ya same shi.

Shekarar kogi

Birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809, yana zaune ne a kan tudu kusa da mahaɗar koguna biyu. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa ya biyo ta Gusau. Rima kuwa ya tattaro ruwan Gulbin Maraɗi da Bunsuru da Gagare, ya gangaro ta Goronyo da Wurno. Bayan sun haɗu, ruwan ya nufi Wamakko da Silame da Argungu da Birnin Kabi, daga nan ya karkata kudu ya faɗa Kwara.

Kafin a gina madatsu, wannan kogi yana da fuska biyu a shekara. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwan da ake yi a ƙasashen Katsina da Zamfara da Maraɗi duk nan yake gangarowa. Wajen Agusta kogi ya cika ya batse, ya malala cikin fadama mai faɗin kilomita da yawa. A cikin wannan ruwa mai ɗumi, mai ciyawa, marar zurfi, kifaye suke zuba ƙwai, 'ya'yansu su sami abinci da mafaka su girma da sauri. Daga Oktoba ruwa ya fara janyewa. Kafin bazara ta kankama, abin da ya rage a wurare da yawa shi ne siririn kogi da tafkuna da gurabe, wato wuraren da igiyar ruwa ta yashe ƙasa ta bar rami mai zurfi.

Kowane kifi da dabararsa ta ƙetare rani. Tarwaɗa tana shaƙar iska, don haka ko a taɓo tana iya jurewa. Gaiwa takan binne kanta cikin laka ta kwanta wata da watanni, har Hausawa suka ce jikinta take ci kafin damina. Karfasa da ƙurungu da balli sukan cunkushe a duk ruwan da ya saura. Giwan ruwa ba shi da ko ɗaya daga waɗannan dabaru. Mafarauci ne da ke neman abinci da ido, jikinsa yana buƙatar ruwa mai isasshiyar iska, kuma yana iya kusantar tsawon mita biyu. Ruwan da ya yi zafi ya gurɓace kashe shi yake yi. Saboda haka da zarar ambaliya ta fara ja da baya, manyan sukan nufi gurabe mafi zurfi su zauna.

Abin da wannan ke nufi ga masunci a fili yake. A damina kifi ya warwatsu cikin ruwan da ba shi da iyaka, kamunsa sai an sha wuya. A rani kuwa duk amfanin shekara ya taru a 'yan wuraren da kowa ya san sunansu. A shekarun 1950 wani masanin kifi na gwamnatin mulkin mallaka, M. J. Holden, ya yi shekaru yana nazarin kifayen da ke cikin waɗannan tafkunan rani na Gulbin Sakkwato, aka buga sakamakon a 1963. Abin da ya sa ya zaɓi tafkunan shi ne abin da Kabawa suka daɗe da sani, cewa a nan ne ake iya ƙidaya arzikin kogi.

Masu ruwa

Tun kafin a aza tubalin Sakkwato, kwarin yana da masu shi. A wajen 1516 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai ya kafa daular Kabi, ya gina babban birninsa a Surame, wanda kufansa yana nan yamma da Sakkwato. Ƙarfin Kabi ya dogara ne da fadama: shinkafa, kifi, da jiragen da ke zirga-zirga a lokacin da doki ba ya iya ratsa ruwa. Ruwayoyi sun ambaci jirgin Kanta wanda aka ce an lulluɓe shi da tagulla. Ko da an yi ƙari a zancen, ya nuna inda mutanen zamanin suke ganin martabar sarkinsu take.

Cikin masu sana'ar ruwa akwai rukuni biyu da suka cuɗanya. Akwai Kabawa mazauna fadama, masu noma da damina su yi su da rani. Akwai kuma Sarkawa, waɗanda sunansu ya samo asali daga Sorko, masuntan Songhai da suka shahara da farautar dorina da zago. Zama tare da auratayya suka mayar da Sarkawan Kabi Hausawa, har kalmar sarkanci ta zama sunan sana'ar baki ɗaya, da iliminta, da magungunanta na cizon kifi da ƙayar da ta maƙale a wuya. Masanin Faransa Jean Rouch ya rubuta maƙala a 1950 a kan Sarkawan da ke fita daga wannan yanki cikin manyan jirage suna bin Kwara wata da watanni, suna su suna banda suna sayarwa. Kafin shi, a 1942, P. G. Harris, wani jami'in mulki a lardin Sakkwato, ya wallafa bayani a kan masuntan Kabi da al'adunsu.

Abin da ya fi jan hankali a tsarin shi ne ruwa yana da shugaba. Kusan kowane gari na bakin gulbi yana da Sarkin Ruwa, kuma sarautar gado ce. Shi ya san kowane gurbi, zurfinsa, abin da ke cikinsa, da kadan da ke gadinsa. A Argungu akwai kuma sarautar Homa, shugaban masunta, wanda aka raɗa wa sunan babban makamin sana'ar.

Kayan su da ranar su

Masuncin Rima bai rasa kayan da ke kai wa zurfi ba. Yana da fatsa, yana da rinca, doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi da ake sa wa koto a shimfiɗa ta kwana a ruwa. Yana da mamari, wanda ƙugiyoyinsa ba su da koto, an jera su ne kusa da juna don su sarƙe duk kifin da ya gifta. Yana da birgi mai dalma a baki, wanda ake wurgawa ya buɗe ya nutse ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, da kalli da ake kafawa a tsaye, da undurutu da sauran tarkuna na bakin mashiga. Maƙeran gari ne suke ƙera ƙugiya da zago, zare kuma daga auduga da rama ake murza shi. Da waɗannan ake samun na miya da na kasuwa a kowace rana.

Amma babban kamu na shekara ba na mutum ɗaya ba ne. Idan ruwa ya janye, Sarkin Ruwa yakan sa wa manyan gurabe doka, ba mai jefa ko fatsa a ciki. Wanda aka kama ya karya doka yakan rasa kayan aikinsa, ya kuma sha kunya a gari. Ana nan sai ruwa ya yi ƙasa daidai yadda ake so, sannan a yi gyaran ruwa, a tsayar da ranar fashin ruwa, a yi shela a kasuwanni. Ran nan garuruwa su hallara, kowa da gorarsa da homarsa.

Gora babbar ƙwarya ce mai ƙaramin baki. Masunci yakan kwanta a kanta da ƙirji ta ɗauke shi a kan ruwan da ya fi ƙarfin tsayuwa, abin da ya kama kuma ya jefa a cikinta. Homa kuwa raga biyu ce, kowacce an ɗaure ta a lanƙwasasshen itace, ɗaya a dama ɗaya a hagu kamar fukafukai. Ana nutsa su a buɗe, a haɗa bakinsu idan an ji motsi. Gwanaye sukan saki gora su nutse da homa har ƙasa, wasu ma da hannu kawai suke lalube cikin ramuka da saiwoyi.

Mutum guda da homa ba zai iya da giwan ruwa a gurbinsa ba. Ɗaruruwa kuwa suna iyawa, kuma akwai dalili. Idan jama'a suka afka ruwa lokaci guda, laka takan tashi ruwa ya yi duhu, kifin da ke dogara da ido ya rasa gabansa. Iskar da ke cikin ruwan ta ragu, wanda ya fi kowa buƙatarta shi ne zai fara galabaita. Duk inda ya juya raga ce, hayaniya da kiɗa a sama, ƙafafu da hannaye a ƙasa. A ƙarshe dole ya taso, wani ya dace da shi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ba misali ba ce.

Dokar gurbi tana yin aiki uku a lokaci guda. Tana raba arziki, domin da talaka mai ƙaramar koma da mai jirgi duk rana ɗaya suke shiga. Tana hana rigima tsakanin garuruwan da ke tarayya a ruwa ɗaya. Tana kuma barin iri, domin su na yini ɗaya ba ya ƙare kifi, kuma akwai wuraren da zurfinsu ko tsoron iskokin da aka ce suna ciki ya sa ba a taɓa su. Daga irin waɗannan wurare manyan mata suke fitowa da damina su cika fadama da ƙwai.

Daga fagen yaƙi zuwa bakin ruwa

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauya siyasar kwarin. A 1805 rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi. Wani ɓangare na gidan sarautar Kabi ya ƙi miƙa wuya, daga baya ya kafu a Argungu, kimanin kilomita 100 daga Sakkwato. Malaman jihadi sun yi tsananin suka ga yanka da ake yi wa iskoki a duwatsu da itatuwa, kuma wani sashe na tsohon gyaran ruwa ya faɗa cikin abin da suka hana. Sana'ar kanta ba ta da laifi a shari'a, domin a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne ba sai an yanka ba. Sannu a hankali addu'a da sadaka suka maye gurbin yawancin tsofaffin al'adun, sarautar ruwa da dokarta kuma suka ci gaba.

Zaman lafiya ne ya gagara. Yakubu Nabame, wanda ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, ya koma ya ɗaga tutar Kabi a 1849. An yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ya riƙe har 1875, aka koma gidan jiya. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai wa Argungu yaƙi da kansa, bai ci nasara ba. Fadamar da ke ciyar da Kabawa ita ce kuma garkuwarsu, domin mahayin da bai san mashigi ba ganima ne ga wanda ya tashi a cikin ruwan. Kusan shekara ɗari kogi ɗaya ya ratsa ƙasashe biyu masu gaba da juna, kifi yana hawa yana sauka, mutane ba sa iyawa sai da kasada.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka haɗa Sakkwato da Gwandu da Argungu cikin lardi guda. Takobi ya koma kube, amma zukata ba su huce nan da nan ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, abin da wani Sarkin Musulmi bai taɓa yi ba cikin aminci. Kabawa suka rasa abin da ya fi dacewa su tarbi irin wannan baƙo da shi sai abin da suka fi kowa iyawa. Aka shirya gagarumin su, aka nuna masa yadda ake fito da giwan ruwa. Daga wannan ziyara ake ƙirga farkon bikin kamun kifi na Argungu.

Zaɓin yana da ma'ana. Ranar su dama rana ce da garuruwa ke ajiye saɓani su shiga ruwa ɗaya ƙarƙashin doka ɗaya, don haka babu alamar sulhu da ta fi ta bayyana ga mutanen kwarin. Bikin ya bunƙasa ya zama na lardi, sannan na jiha. A 1970 shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da shugaban Nijar Diori Hamani. Har zuwa 1991, lokacin da aka cire jihar Kabi daga jihar Sakkwato, gwamnatin da ke zaune a birnin Shehu ce uwar bikin. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya, tare da wasannin kabanci irin su lalube da tseren jirage da kamun agwagwar ruwa. Ginshiƙinsa dai bai canja ba: ana hana su a Matan Fada duk shekara, a buɗe shi na kimanin sa'a guda.

Nailan da kankare

Abubuwa biyu suka girgiza tsohon tsarin a ƙarni na ashirin. Na farko kayan aiki ne. Ƙugiyoyin kanti, irin na kamfanin Mustad na Norwe, sun kori na maƙera. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 zaren nailan ya shigo, mai arha, marar ruɓewa, wanda kifi ba ya gani sosai a ruwa. Kallin da a da sai gida guda ya yi watanni yana saƙa, yanzu kowa yana iya saye a kasuwa ya kafa da dare shi kaɗai. Inda a da wasu ke zuba magimfa a ƙaramin kududdufi, sai aka sami masu zuba maganin ƙwari irin Gamalin, wanda ba ya barin babba ko ƙarami. Dokar kamun kifin ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, amma doka a takarda ba ta da idon da Sarkin Ruwa yake da shi a bakin gulbi.

Na biyu ya fi girma, domin kogin kansa aka taɓa. Bayan farin farkon shekarun 1970, gwamnati ta ɗauki noman rani da madatsun ruwa a matsayin mafita. Aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, mai ɗaukar ruwa kimanin mita miliyan 450 na murabba'in sukari. Aka gama ta Goronyo a kan Rima a 1984, wadda ta ninka ta Bakolori. Rikicin manoman Bakolori na 1980, wanda aka rasa rayuka a cikinsa kan batun filaye da diyya, shi ne abin da tarihi ya fi riƙewa. Asarar da ta sauka a kan mutanen da ke ƙasa da madatsar ba ta yi ƙara haka ba. Masanin Ingila W. M. Adams ya bi ƙauyukan fadamar Sakkwato a farkon shekarun 1980, ya tarar ambaliya ta ragu a faɗi da zurfi da tsawon kwanaki, noman shinkafa ya ja baya, kamun kifi ya faɗi, masunta da dama sun bar sana'ar ko sun bar gida.

Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne. Madatsa tana riƙe ruwan Agusta don ta sake shi da rani. Idan ambaliya ba ta hau fadama sosai ba, kifi ya rasa wurin haihuwa, 'ya'yan da aka haifa kuma ruwa ya janye kafin su yi ƙwari. Igiyar da ke yashe gurabe kowace shekara ta yi rauni, yashi ya cike su. Bangon madatsa ya tare hanyar kifin da ke hawa. Ruwan da ake saki da rani kuma ya ɓata lissafin ranar su, domin zurfin gurbi ya daina bin wata, ya koma bin ƙofar madatsa. Wani lokaci ruwan ya yi yawa fiye da kima, kamar a Satumban 2010 da ambaliyar Rima ta cinye ƙauyuka ta yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wani lokaci ya yi ƙaranci, kamar a 2006 da aka hana shiga ruwa a bikin Argungu saboda ƙarancinsa, ko a 2018 da tafkin Goronyo ya ƙafe har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma.

Sarkawa sun yi abin da kakanninsu suka saba, suka bi ruwa. Wasu suka nufi Yawuri da tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968. Wasu suka tafi Baga a tafkin Cadi, wasu har Lagdo a Kamaru. A cikin birnin Sakkwato har yanzu ana sayen ɗanyen kifin Rima a Kwalkwalawa, amma tukunyar gidaje da yawa ta koma kan tarwaɗar kiwo da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga teku.

Zurfin da ba ya janyewa

Madatsu sun kawo wa ƙasar Hausa abin da ba ta taɓa sani ba, wato ruwa mai zurfi wanda ba a iya jiran ya ƙafe. Tafkin madatsa ba ya suwa da homa. A ƙarƙashinsa akwai itatuwan da ruwa ya shanye suna yaga kalli, da tsohuwar hanyar kogi inda manyan kifaye ke fakewa. A lokacin zafi ruwan ƙasa ba ya gauraya da na sama, iskarsa ta ƙare, don haka giwan ruwa yakan tsaya ne a tsaka-tsaki, gefen gangare da duwatsu. Irin wannan ruwa shi ne ainihin inda dabarar masu maski take aiki: igiya ɗaya a tsaye, koto mai nauyi, da na'urar da ke nuna inda kifi yake. A tafkin Nasir na Masar, bayan madatsar Aswan, an daɗe ana kama manyan giwan ruwa da koton ƙarya, baƙi suna biyan kuɗi mai yawa don haka.

Sai dai dabarar tana da rabi na biyu wanda ba a gani a hoto. Mafi yawan masu kamun maski suna auna kifin ne su mayar da shi ruwa da ransa. Hukumomin can suna rufe kamu a lokacin haihuwa, suna kuma ƙayyade tsawon da ba a yarda a ɗauki abin da bai kai shi ba. Sun yi haka ne don sun gane cewa mafi girman maski mata ne, kuma su ne iri. Haka abin yake ga giwan ruwa: manya-manyan galibi mata ne, kowacce tana iya zuba miliyoyin ƙwai. Kayan da ke iya zaƙulo su ɗaya bayan ɗaya daga maɓoyarsu, idan ba wani birki, zai gama da su cikin 'yan shekaru. Amurkawa sun sa birkinsu a hannun mai kamu da takardar izini. Kabawa sun sa nasu a kan kalanda da sarauta.

An taɓa gwada haɗa tsohon tsari da sabon ruwa. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus a tafkin Kainji ya ga kamu yana lalacewa saboda dala, babban tarun da ake ja zuwa gaɓa yana kwashe har 'ya'yan kifi. Jami'an gwamnati kaɗai ba su isa su tsare tafki mai wannan girma ba, sai aka jawo sarakuna da Sarakunan Ruwa cikin aikin ba da izini da hana dala. Abin da aka koma nema a wurinsu shi ne abin da suke yi tun zamanin Kanta, wato su ce wa mutanensu yau ba a shiga, a kuma ji.

A kwarin Rima kuwa mabuɗin ya koma wani hannu. Sarkin Ruwa yana iya hana jefa kalli a gurbi, amma ba shi ke cewa ga ranar da ruwa zai hau fadama ba. Wannan yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ke buɗe ƙofofin Goronyo da Bakolori bisa buƙatar noman rani da ruwan sha na birni da tsaron madatsa. Masana ruwa sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ambaliya da gangan a lokacinta, gwargwadon da zai jiƙa fadama kifi ya haihu, kamar yadda aka gwada a kogin Sanagal da kuma fadamar Logon a Kamaru. Idan za a ci gaba da ɗora giwan ruwa mai kilo saba'in a kan sikeli a Matan Fada cikin watan Maris, shawarar da za ta tabbatar da haka ana yanke ta ne shekaru kafin nan, a watan Agusta, a bakin ƙofar madatsa.